Hannu a Bakin Soja

Kukuo, Tamale
3 ga Mayu

Zuwa ga maigidana, Baban Suhuyini,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma aikin tashar jirgin ruwa a Tema bai gajiyar da kai ba. Mahaifiyarka Mma tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi. Na ba Majeed direba takardar nan, tunda a waya kullum hayaniya ta fi muryarka.

Soja, karen da ka kawo don gadin awaki, ya zama ɗalibin 'yarka. Ta rataye gwangwanin madara da tsakuwa a ciki a bakin ƙofa. In yana son fita, sai ya buga shi da ƙafa. In ƙishirwa ce, ya ɗauko kwanonsa ya ajiye a gabanta. Wata biyu ta yi tana koya masa da gutsuren kifi. Na san ka ce kada ya shigo tsakar gida saboda wurin sallah. Yana shigowa. Na ƙyale ne don tun rasuwar ƙaninta ban ji dariyarta ba sai yanzu.

Taka,
Batulu

19 ga Mayu

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta.

Kwanakin baya Soja ya dawo daga gona da cizo a kunne, ba mu ɗauke shi komai ba. Ranar Litinin ya yi ta kawo kwano. A zuba ruwa, ya tsaya a kansa, ba ya iya haɗiya, ya sake turo kwanon. Bakinsa a buɗe, yawu na zuba. Suhuyini ta ce tunda ya roƙa akwai dalili, ƙashi ne ya maƙale masa. Ina wanki na waiga na ga hannunta cikin bakinsa har wuyan hannu. Na fizge ta, haƙorinsa ya karce ta.

Likitan dabbobi ya ce ciwon haukan kare ne. Sun tafi da shi, ba zai dawo ba. An fara yi wa Suhuyini allura, sun ce an zo da wuri. Ba ta cin abinci. Cewa take da ba ta koya masa roƙo ba, da ba ta matsa kusa ba.

Batulu

27 ga Yuni

Baban Suhuyini,

Ina gaishe ka da zuciya ɗaya. Yaya jiki, yaya aiki? Suhuyini ta gama alluranta, ta koma makaranta.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ranar da na fizge ta, ni ma Soja ya kama min babban yatsa. A asibitin allurar mutum ɗaya ce ta rage, na ce a yi wa yarinya, ban ma nuna nawa ba. Na ce zan nema a wani wuri. Sai jinyar Mma, sai shuka, ciwon kuma ya warke, na bar maganar.

Shekaranjiya wurin ya fara ƙaiƙayi, yana tafiya har gwiwar hannu, ga zazzaɓi. Jiya na koma asibitin. Likitan ya tambayi ranar cizon, sannan ya ce, "Mijinki yana kusa?"

Ban faɗa wa Mma ba. Yayata Rahimatu za ta zo daga Zogbeli ta tafi da Suhuyini, ba na so ta gan ni in abin ya yi tsanani. Roƙona ɗaya: kada ta taɓa jin cewa allurar guda ce. Ka ce mata zazzaɓi ne.

Ka yafe min. Ka shigo motar gobe, kada ka jira Juma'a.

Matarka,
Batulu