Layin Da Aka Daka A Turmi

Hajiya Ramlat, bayan gaisuwa da fatan alheri, don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi nasara a kan wani abu, amma na kasa zama in ji daɗinta.

Ni mutumin Wagini ne ta ƙasar Batsari, shekaruna sun ɗan haura arba'in. Ina noman gero da wake, ranar kasuwa kuma ina sayar da maganin feshi. Karatuna ya tsaya a sakandare, sai dai tun daga can na saba rubuta abin da ya same ni kullum, har da wanda bai kai a rubuta ba. Irin mutanen nan ne ni da za su sa wa shago kwaɗo, su yi nisa, su dawo su jijjiga shi.

Shekarun baya wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Kaduna ya bar mini tsohuwar wayarsa, irin masu tsadar nan. Da ake saita ta aka buɗe mini imel na kamfanin da ya ƙera ta, aka ɗaura shi a kan layina. Ban san akwai wani iri ba, a zatona imel imel ne. To kin san ƙauye, jaki ɗaya a unguwa na kowa ne. Mai neman makaranta, mai neman aiki, mai rajistar tallafin taki, duk sai a ce a sa na wane. Har daga Zakka ta ƙasar Safana, garin surukaina, an sa nawa. Lokacin da aka yanke mana sabis, ni ke shiga mota zuwa Katsina in dubo wa mutane saƙonninsu, in dawo ina rabawa kamar goron suna.

Bara da damina tsadar taki ta sa na sayar da wayar na sayi ƙarama. Ban damu ba tunda layin yana hannuna. Ba a jima ba mutanen daji suka ɗauke ƙanena Sufyanu a gona. Da layina aka yi duk maganar har Allah ya kuɓutar da shi, amma kiran bai tsaya ba. Su bugo su tambayi lafiyar iyali, su ce a turo kati, wani lokaci dariya kawai za ka ji. Ran nan na dawo daga masallaci na tarar mai ɗakina ta zare sim ɗin, ta jefa a turmi, ta bi shi da taɓarya. Ta ce tunda ni sai na yi shawara da biro kafin in yanke hukunci, ita ta yanke. Gaskiya sanyi na ji a raina, washegari na sayi wani layi daban.

Sai bayan kaka abin ya waiwayo mu. 'Yata ta fari, kin san ba zan kama sunanta ba, ta nemi makarantar koyon aikin ungozoma da imel ɗina tun wayar na nan. Ƙawarta ta ce an fara turo wa mutane ranar ganawa. Muka je shagon kwamfuta a Batsari, na buga lambar sirri daidai, sai aka ce an tura wasu lambobi zuwa layina, in shigar da su. Layin da ya zama gari! Mai shagon ya ce in haƙura, wanda ba shi da wayar kamfanin ba shi da ƙofa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta gyara mayafi kawai ta ce mu tafi gida. Da ma kukan ta yi.

Maƙwabcina Luka, wanda muka yi sakandare tare, shi ya ce layin da ya mutu ana tayar da shi muddin ba a sayar wa wani ba. Na ɗauki katin ɗan ƙasa muka tafi ofishin masu layin a Katsina. Mun yini a tsaye, aka ɗauki hotona da yatsuna, aka ba ni sabon sim da tsohuwar lambata. A bakin ofishin muka gwada da wayar Luka, wadda ba ta kamfanin ba ce. Lambobin suka shigo, imel ya buɗe. Saƙon yana nan, ganawa jibi. Hajiya, a bakin kwalbati na zauna. Ta je, an ɗauke ta, yanzu haka tana makaranta da fararen kayanta. Ranar da labarin ya iso har guɗa aka yi a gidanmu.

Ga inda na tsaya. Lambar da mutanen daji suka sani ta dawo da rai. Mai ɗakina ta rantse sim ɗin ba zai kwana ƙarƙashin rufinta ba, don haka yana gidan Luka, naɗe a leda. Shi kuma Luka ya ce in watsar da imel ɗin gaba ɗaya, na masu hali ne, in buɗe irin na kowa. Amma gidaje da yawa suna rataye da shi, makarantar yarinyar ma ta nan take turo saƙo. In riƙe shi a matsayin babban imel ɗina, ko in rabu da shi? Na rubuta e na goge, na rubuta a'a na goge.

Naki,
Mai Jijjiga Kwaɗo, Wagini

Malam, wa'alaikumus salam. Barka da arziki, barka kuma da dawowar Sufyanu. Ka daina raina kanka: mutumin da aka ce masa ƙofa ta rufe, ya tashi ya je Katsina ya buɗe ta, ba mai rauni ba ne.

Uwargida tana da gaskiya. Kwanciyar hankalin gida ta fi kowane imel, kuma ba dole ne ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba, domin imel ɗin bai yi aure da waccan lambar ba. Ka shiga ta wayar Luka kamar yadda kuka yi, ka je wajen saitin tsaro, ka ƙara lambar da kake amfani da ita yanzu. Ka fita, ka sake shiga, ka ga da idonka lambobin sun zo ta sabon layin. Ka ƙara ta biyu, ta yarinyar ko ta uwargida. Sannan ne za ka cire tsohuwar, ba kafin nan ba. Kana ciki ka duba ko wayar da ka sayar tana nan a jerin wayoyinka, in tana nan ka cire ta. Ka kuma bincika banki da duk inda ka taɓa ba da tsohuwar lambar. Kafin ka gama, in kira ya shigo kada ka ɗauka, ka sanar da mai gari da jami'an tsaro.

Batun Luka, rabin gaskiya ce. Imel ɗin ba shi da aibu. Tsaron da ya hana ka shiga, shi zai hana ɓarawo. Amma an gina shi ne don mai riƙe da wayar kamfanin. Wanda ba ta hannunsa yakan fi shan wahala in matsala ta taso, wurin ajiya na kyauta kuma ba shi da yawa, in ya cika saƙo na iya daina shigowa. Don haka kada ka rufe shi, kada kuma ka ƙara masa kaya. Ka buɗe wani mai sauƙin amfani a kowace waya, ka saita tsohon ya riƙa tura masa saƙonni, duk sabuwar hulɗa ka ba da sabon.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar 'ya'yan mutane tana rataye da leda ɗaya. Alherinka ne, amma ya yi nauyi. Ka zaunar da su gida-gida, kowane baligi ya buɗe nasa da layinsa. Inda hukuma ta ƙi yarda a canza, a bari har a gama wannan neman. Ka fara da 'yarka: wannan hutun ta buɗe nata, ta kai wa makaranta da kanta.

Duk wannan ka yi shi gaban uwargida, ta ga lokacin da za a cire lambar. Ita ta fi kowa jin tsoron, ita ta cancanci fara samun barci. Allah ya sa yarinyar ta gama lafiya, ya kai hannunta ga matan Wagini, ya kuma dawo muku da noma ba tare da waiwaye ba.

Hajiya Ramlat