Ku Ba Ni Muryar Inna Kafin Ku Goge Ta

Zuwa ga Dakta, shugaban ɗakin karatu kuma uban ƙungiyoyin ɗalibai na kwalejinku da ke nan Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, ko da yake na taɓa zama a zauren taronku kana jawabi ina tafa maka. Sunana Rabi'atu, ina zaune a unguwar Mansur, ina koya wa matan unguwa karatun Alƙur'ani. Na rubuto da Hausa ba don Larabci ya gagare ni ba, a garin nan na girma. Na yi haka ne don na san kai ma da Hausa aka yi maka faɗa kana yaro, kuma maganar da ke tafe da ni ɗan gida ne kaɗai zai ji nauyinta. Na kuma sa ta a bainar jama'a saboda na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka ana ce mini kana wurin taro.

Abu ɗaya nake nema. Ɗalibanka sun ɗauki muryar mahaifiyata, muryar tana cikin kwamfutar ɗakin karatunku, an kuma shaida mini za a goge ta ƙarshen zangon nan. Ina so a ba ni ita kafin a yi hakan.

Na farko, yadda kuka shigo gidanmu.

A ranar da ka buɗe ƙungiyar adana muryoyin dattawa, ina wurin. Ka ba mu labarin wata jami'a ta Yahudawa da ka ziyarta a ƙasar waje. Ka ce a ɗakin karatunsu akwai sashe guda na muryoyin tsofaffi, da harshen da kakanninsu suka yi magana da shi. Ka ce ƙungiyoyin ɗalibansu suna bin gidajen tsofaffi suna ɗaukar labarinsu, a ba iyalin kwafi tun kafin a sa a ma'aji, kuma duk jikan da ya zo neman muryar kakarsa za a zaunar da shi a kunna masa. Ka ce mutane ne da suka ɗanɗana zafin rasa na gaba, shi ya sa suke riƙon abin da ya rage da hannu bibbiyu. Ka ce mu ma iyayenmu da suka tako daga ƙasar Hausa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma ko gaisuwa da ƙyar suke haɗawa. Wallahi ranar sai da na share hawaye, na koma gida na ce wa Inna ga masu hankali sun zo. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Ni da kaina na lallashe ta. Inna ba mai son magana ba ce, balle da baƙi. A Sha'aban ɗin bara kuka turo mana 'yan mata biyu da na'urar ɗaukar magana. Babbarsu Safiyya, haifaffiyar nan ce, Hausarta rabi da rabi, amma yarinya ce mai ladabi kuma ba da ita nake kuka ba. Da suka zauna, Inna ta kore ni kicin wai in dafa musu shayi, na kawo ta sake kora ta wai bai ji na'ana'a ba. Na gane so take in ba ta wuri, sai na yi zamana can har aka kusa kiran magariba.

Dakta, ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma ba sai na yi maka dogon bayani ba. Na haura hamsin, ina da jikoki, ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinta ba. In za ta kira ni ta ce “ke”. In da ƙannena take magana ta ce “yayarku”. In da baƙi ne ta ce “yarinyar nan”, ni da furfurata. Ban taɓa jin haushi ba, haka ta ga uwarta ta yi, kuma na san kunya ce ba ƙi ba. Amma ƙarya nake in na ce ban taɓa kwaɗayin ji ba.

Da na rako 'yan matan bakin ƙofa, Safiyya tana dariya take gaya mini wai sai da ta yi ta nanata tambaya kafin kaka ta faɗi sunan babbar 'yarta, kamar ta manta. Wai da ta ce mata ai tarihi ba ya yiwuwa babu suna, sai Inna ta leƙa ƙofa, ta sassauta murya, ta faɗa. Daga nan kuma bakinta ya buɗe, ta yi ta ba su labarin haihuwata a wani ƙauye a Sudan, lokacin da ita da Baba suke aikin gonar auduga don su sami na jirgin ruwa. Yarinyar ba ta san abin da ta faɗa mini ba. Ta ce in kwantar da hankalina, ƙa'idarku ce a kawo wa iyali kwafi, su dai an hana su ajiye komai a wayarsu, a ranar za su miƙa na'urar ga ɗakin karatu. Na ce to, na ƙara musu da dabino.

Na biyu, abin da ya faru bayan haka.

Bayan aikin Hajji da 'yan kwanaki, Inna ta faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya tafi. Tana ji, tana ganewa, tana bin mu da ido, amma tun daga ranar ba ta sake haɗa kalma ba, kuma likitoci sun daina yi mana alkawari. Ko da tana da lafiya, wannan ba abin da 'ya take roƙon uwarta ba ne. Yanzu kuwa ko na roƙa babu. Duk duniya wuri ɗaya ya rage da uwata take faɗin sunana, shi ne cikin kwamfutarku.

Na uku, bikin da kuka yi.

An aiko mini da katin gayyata mai ruwan zinare, wai ƙungiya ta cika shekara za a nuna aikinta. Na bar Inna da ƙanwata, na hau tasi ina ta murna, na ɗauka yau zan ji. An shimfiɗa jan kafet, an turara wuri da turaren wuta, ana zagayawa da gahawa. Ka sake tashi ka maimaita mana labarin jami'ar can, kusan kalma da kalma, aka sake tafawa. Sannan aka kashe fitilu aka kunna majigi.

Na ga fuskar Inna a bango, da mayafinta mai ruwan toka, bakinta yana motsi. Amma abin da ke fita daga lasifika muryar wani saurayi ce yana rera Larabci mai zaƙi kan haƙurin mahajjatan da, da wani sauti mai taushi a ƙarƙashi. A ƙasan hoton an rubuta “wata tsohuwa daga Afirka”. Matar da kuka matsa wa ta karya kunyar rayuwarta don tarihi ba ya yiwuwa babu suna, ita ce kuka cire wa nata sunan. Kafin in gama goge ido an wuce ta, an sako hotonka kana yanka ƙyalle. Waɗanda ke kusa da ni ko ɗago kai ba su yi ba, suna ta fama da shinkafa da nama. Ni kuwa, Dakta, tashi na yi na fita.

Na tambayi wani saurayi mai rataye da katin ƙungiya me ya sa aka danne muryar tsofaffin. Ya ce manyan baƙi ba sa jin Hausa, kuma muryar tsofaffi tana rawa, ba ta daɗin ji a lasifika. To in muryar ba ta yi muku ba, me kuka je ɗauka? Hoton tsufa kuke so ku yi ado da shi, aka ba ku amana kuka mai da ita labule.

Na huɗu, yawon da aka yi da hankalina.

Na fara da ɗakin karatu, aka ce abin ƙungiya ne. Na je ƙungiya, aka ce an sauya shugabanni, waɗanda suka yi aikin sun gama sun tafi. Na nemo lambar Safiyya, ta yi aure a wani gari, ta yi ta ba ni haƙuri har da kuka, ta rantse ta miƙa komai. Na koma ɗakin karatu da wannan, sai wani ma'aikaci ya duba ya ce lalle yana nan, ya ma juyo mini da fuskar kwamfutar na ga sunan Inna da idona. Na ce alhamdu lillahi, kunna mini. Ya ce ba shi da izini, sai mai muryar ta zo da kanta ta sa hannu. Na ce mai muryar tana kwance ko cokali ba ta iya riƙewa. Ya ce in kawo shaidar asibiti. Na kawo, aka ce mai karɓar irin wannan yana hutu. Ya dawo, ya ce ba a taɓa samun irin matsalata ba, sai kwamiti ya zauna. Kwamitin kuwa kai ne shugabansa.

Lokacin da za ku shiga ɗakin tsohuwa da na'ura, babu wanda ya nemi kwamiti. Sallama kawai aka yi, muka ce maraba. Yanzu da za a mayar mata da abinta, an tuno da doka. Daga Mansur zuwa wurinku na yi zarya har direbobin tasi sun gane ni, kowace tafiya kuma sai na nemi mai zama da Inna, na sallami ɗalibaina mata. Kullum amsar ɗaya ce, bukra in sha Allah, wato sai gobe. An mai da sunan Allah sandar korar mutane.

A zuwana na ƙarshe ne ma'aikacin nan, da ya ga na zauna na kasa tashi, ya gaya mini a hankali cewa in hanzarta. Wai ma'ajin kwamfutar ya cika, an ba da umarnin share tsofaffin abubuwa ƙarshen zango don a sami wurin zuba hotunan bikin yaye ɗalibai. Wai tunda an riga an yi majigin, ɗanyen faifan ba shi da sauran amfani. Ban ambaci sunansa ba, kuma ina roƙon kada a huce a kansa, shi kaɗai ne ya gaya mini gaskiya a wurinku.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni ƙyama. Ka tsallaka teku ka ga mutane suna tattalin muryar tsofaffinsu, ka dawo mana da labarin, ka ci tafi da shi har sau biyu a gabana. Ka kwaso allon sanarwa da katin gayyata da yankan ƙyalle, ka baro riƙon amanar a can. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma ba Inna kaɗai ba ce. Na san wani gida a unguwar Misfala da kuka ɗauki muryar tsohonsu, ya rasu da azumin nan, 'ya'yansa har yau suna jiran kwafinsu, sun ɗauka ana gyara shi ne. Ban iya gaya musu abin da na ji ba, sai dai su karanta a nan.

Don haka ga roƙona. A dakatar da umarnin gogewar nan yau, ba sai kwamiti ya sha gahawa ba. A ba ni muryar Inna ɗungurungum yadda aka ɗauke ta, da tarinta da shirunta da rawar muryar, kada a gyara mini komai, kada a ɗora mata muryar kowa. A nemi sauran gidajen da kuka shiga a kai musu nasu har ƙofa, yadda kuka je har ƙofa kuka karɓa. In kuwa ba za ku iya riƙon wannan aiki ba, ku rufe ƙungiyar, ku daina shiga ɗakunan tsofaffinmu. In kuma an riga an goge, ka fito ka faɗa mini da bakinka, in san abin da zan yi wa haƙuri.

In sa hannun Inna ne ya tsaya muku, ku turo wanda kuka yarda da shi gidanmu. Zan tambaye ta a gabansa, za ta amsa da ido, haka muke magana da ita yanzu. Amma ku gargaɗe shi kada ya faɗi dalilin da ya sa nake nema. Ita ba ta san an gaya mini ba. Ko kun ba ni, ba a gabanta zan kunna ba, zan jira ta yi barci in shiga kicin in ja ƙofa. Uwata ce, kunya za ta ji.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da naka iyayen lafiya, ya ba ka ikon sauke abin da ka ɗauka kafin a tambaye ka shi.

Wassalam.

Rabi'atu, 'yar farin Inna,
Mansur, Makka.