Rabin Maganar Da Na Ɓoye Wa Abba

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar shafin nan. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

Ni ɗaliba ce a fannin lafiya a nan Kazaure. Ba ni da yawan magana, karatu kawai na iya, shi ya sa duk takardar da ta shigo gidanmu ni Abba ke miƙa wa, abin da na faɗa kuma shi ke zama. Ƙanwata, bari in kira ta Hafsa, shekararta goma sha ɗaya. Wata biyar ke nan da ta yi zazzaɓi da tari har ta daina jin ƙanshin abinci. Zazzaɓin ya tafi, amma ƙarfinta bai dawo ba. Shara kaɗan sai haki, hadda ta daina zama a kanta, yarinyar da a da ke hawa dutsen bayan gidanmu a guje. An gwada maleriya da taifot a asibiti, babu komai.

Wata safiya Umma ta ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana ta kururuwa wai korona na barin yara da ciwon da ba ya warkewa har abada. Ta saki ludayi ta fashe da kuka. Haushi ya kama ni. Wa ya gaya masa har abada? A ina ya karanta? Na kwashe mako ina bin takardun binciken su kansu. Sun nuna yawancin yara suna warkewa, masu binciken ma suna ta maimaita cewa akwai abin da ba su gano ba tukuna. Amma sun kuma rubuta cewa wasu kaɗan gajiyar kan bi su watanni, da gaske, kuma tilasta musu aiki kan iya ƙara kwantar da su. Na gani. Har layi na ja a ƙarƙashinsa da jan biro.

Da Abba ya ce, "To Malama, me kika gano?" sai na ce, "Abba, surutun 'yan rediyo ne. Bincike ya nuna yara warkewa suke yi." Na tsaya a nan. Ina son Umma ta daina kuka, gaskiya ne, amma wallahi har da son in kayar da mai rediyon nan, mutumin da bai ma san ina duniya ba.

Abba ya juya ga Umma ya ce, "Kin ji ko? Ke kike sangarta ta." Tun daga ranar Hafsa ta zama raguwar gida, aka ɗora mata ɗebo ruwa a famfon unguwa. Rannan na tarar da ita zaune kan jarka a rabin hanya, ta ɗago ta ce, "Yaya, wallahi ba da gangan nake yi ba. A cikin abin da kike karantawa, babu irina ko ɗaya?" Na ce ta tashi rana na yi. Wace irin yaya ce ni?

Yanzu Abba ya yanke cewa ranar Asabar za a kai ta Gwiwa wurin Gwaggo, ana cirar gyaɗa, wai aikin gona zai fitar mata da lalaci. Umma ba ta da damar hanawa, ni na rufe mata baki a gaban mijinta.

Ban ma da tabbacin korona ce, ba a taɓa gwada ta ba, likita ne ya kamata ya sake duba ta. To ta yaya zan ce a koma asibiti bayan da bakina na wanke ciwon? Abba in ya kama mutum da ɓoye masa magana, ba ya sake tambayarsa komai. Jiya na je har zaurensa na yi sallama, ya ce, "Lafiya, Malama?" Na ce na zo jin ko a kawo masa shayi.

Yau Laraba, Umma har ta fara ninke wa Hafsa kaya. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?