Rariyar Gindin Katanga

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙaninka Auta yana gaishe ka.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Da hannuna na yi, ba wanda ya riƙe mini biro. Malamar ajinmu na manya ta ce in daina danna takarda kamar mai haƙa rami. Na zaɓi wasiƙa ne domin a waya kullum sauri kake yi, Auta kuma yana tsaye a kaina ya kasa kunne.

An gama katangar da ka sa a gina. Ta fi ta kowa tsawo a layinmu. Amma akwai abin da ya hana ni sukuni. Ka tuna rariyar nan, ramin da ke gindin tsohuwar katanga, inda ruwan sama yake bi daga gidan Mai walda ya shigo tsakar gidanmu, ya ratsa, ya fita ta ɗaya ramin zuwa gidan Tela? Haka layin nan yake tun daga kan tudu har bakin kwari: kowane gida ya karɓi ruwan na samansa, ya miƙa wa na ƙasansa. Da birkila ya iso wurin sai ya dakata ya ce, "A bar ramin ko?" Auta ya ce, "Yaya ya ce a toshe." Aka toshe da bulo da siminti.

Na san don ni ka yi. Ni ce na dame ka da ƙorafin laima da ciwon gwiwa da dattin da ruwan yake kwaso mana. Amma jiya Mai walda ya shigo, ya tsuguna ya shafa wurin, ya ce, "Inna, to ruwana ta ina zai bi?" Auta ya ce, "Ka yi masa walda ya tsaya a sama." Shi kaɗai ya yi dariya.

Damina ta yi latti. Sama fari fat, ko ganye ba ya motsi. Ni tsoronta nake ji idan ta yi shiru haka. Don Allah ka ce wa Auta ya buɗe ramin, ka san ba ya jin maganar kowa sai taka.

An ce a inda kake numfashi yana daskarewa a gemun mutum. Kana dai rufe kunnuwanka ko?

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka.

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa da ladabi. Wasiƙarki ta iso, na nuna wa duk wanda muke aiki tare a ma'aikatar daskarar da kifi. Na ce ga rubutun uwata. Kunnuwana suna nan, ba su faɗi ba tukuna.

Inna, ki kwantar da hankalinki. Duniya yanki-yanki take, kamar an ɗaura mata ɗamara a jere. Na tsakiya zafi da ruwa mai yawa, na kusa da shi zafi da fari, sai na matsakaici, sai namu nan na can ƙarshe, inda rana take leƙowa kamar baƙuwa mai kunya ta koma. Ku kuna gefen fari ne, ruwanku raguwa yake yi shekara da shekara. Wane ruwa ne zai tsorata ki?

Nan da nake, dusar ƙanƙara tana taruwa har ƙugun mutum, amma ba gidan da yake da rami a katanga. Ko tsaga ba a bari. Idan ta narke, a hankali take bin hanyarta, ba wanda yake tura wa maƙwabcinsa ƙazantarsa. Kowa ya ji da ruwansa. Mai walda ya haƙa nasa lambatun ya fitar ta titi, ƙarfe gare shi, ƙarfi gare shi.

Shekara nawa kina tsoma ƙafa a ruwan wankin wasu? Ya isa. Na gaya wa Auta kada ya bari kowa ya taɓa katangar nan.

Ki ci gaba da rubutu.
Ɗanki, Dogo.

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ruwan ya zo. Da rana tsaka gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta yaye kwanon shagon Tela kamar ɓawon ayaba, ta wurga shi tsallaken titi. Sai tsawa. Sai ruwa, ba irin wanda ka sani ba. Ba zuba yake yi ba, duka yake yi. Akwai ƙanƙara a cikinsa manya-manya, ta kashe mini kaji a tsakar gida ina kallo.

Ruwa bai taru a gidanmu ba, maganarka ta tabbata. Ina zaune ƙafata a bushe sai na ji ihu ta bayan katanga. Ka manta Mai walda ba nasa ruwan kaɗai yake karɓa ba, na duk gidajen kan tudu ne. Ƙofarsa kuma ta fi tsakar gidansa tudu, ba ta inda zai fitar. Ruwan ya tsaya a gindin katangarmu ya yi ta hawa har ƙirjin mutum.

Sai na ji dim, dim. Mai walda ne da guduma, yana cikin ruwan yana dukan katangar. Yana cewa, "Inna, ku buɗe! Tsohuwa tana ɗaki!" Ka san mahaifiyarsa ba ta iya tashi. Auta ya ɗauki rodi ya haye katangar. Na riƙe ƙafarsa, ya fizge, na faɗi a ƙasa. Ya ce, "Wanda ya ƙara dukan katangar Yaya sai na fasa kansa." Mai walda ya ce, "Kai, ɗan jiya, ni na koya maka hawan keke!" Ya ƙara duka. Auta ya sauke masa rodin.

Na ji ƙarar ƙashin, Dogo, duk da tsawar. Hannunsa ya karye, goshinsa ya tsage, ruwan wurin ya yi ja. Gudumar ta kuɓuce masa ta yi sama ta faɗo ta wajenmu. Kafin a janye shi, bangon ɗakin Tsohuwa ya jiƙa ya rufto mata a ƙafafu. Matan gidan ne suka tono ta da hannu, ruwa yana shiga mata baki.

Tana asibiti. An kama Auta, manyan layi suka je suka karɓo shi, ya dawo yana hura hanci. Ƙannen Mai walda suna zaune a ƙofar shagonsu suna wasa adda a kan injin da yake yanka ƙarfe, kuma ba ciyawa za su sara ba. Ɗayansu ya ce mini, "Inna, ba ruwanmu da ke. Amma idan hadari ya sake haɗowa ramin nan yana toshe, ki shiga ɗaki ki rufe ido."

Na ce wa Auta ya buɗe, har na durƙusa masa, ni da na haife shi. Ya ce sai Yaya ya ce. Gudumar na ɓoye ta a ƙarƙashin gadona kada ya gan ta.

Ka ce muna gefen fari. Ni ban san gefen da muke ba, na dai san abin da ya sauko mana. Kalma ɗaya ce, ɗana. Ka ce a buɗe.

Mahaifiyarka.

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa. Na karanta, na kasa cin abinci. Allah ya ba Tsohuwa lafiya, ta sha goya ni.

Amma Inna, ki duba. Idan muka fasa yanzu, mun amsa laifi ke nan da hannunmu, ranar shari'a ba abin da zai ceci Auta. Ai Mai walda ne ya fara dukan katangar mutane. Kuma irin wannan ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekaru masu yawa, ba zai maimaita a damina guda ba.

Ba zan ɓoye miki ba, nan ma abubuwa sun rikice. Kogin da ake tuƙa mota a kansa saboda daskarewa ya fashe tun lokaci bai yi ba, ya haɗiye wata babbar mota da direbanta muna tsaye muna kallo. Ƙasar da aka gina ma'aikatarmu a kai, wadda aka ce ba ta taɓa narkewa, ta yi laushi, bango ya tsage. Mutanen nan ma sun daina cika baki.

Duk da haka a dakata. Na yi wa Auta waya, na ce ya riƙe wurin har in samu hutu in zo a zauna a yi magana. Ke dai kada ki fita idan sun zo.

Ɗanki, Dogo.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Auta yana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Tsohuwa ta rasu. Na je gaisuwa, ba wanda ya ba ni wurin zama. Washegari da hantsi hadari ya haɗo, ya fi na farko baƙi. Kai ka ce ba ya maimaitawa. To shi ba a gaya masa ba.

Ƙannen Mai walda ba su jira ruwan ya taru ba. Suka ɓalle ƙofarmu ta titi, su uku, da adda da sarƙa. Mai walda yana bayansu da hannu a ɗaure, yana cewa, "Katangar kawai! Ku bar yaron!" Ba su ji shi ba, ko kuma ba su so ji ba. Auta ya tare su da rodinsa. Ya sami na farko a baki, haƙora suka zube. Na biyu ya naɗe masa ƙafa da sarƙa ya kayar da shi. Na uku ya ɗaga adda, Auta ya kare kansa da hannun dama.

Ban san ina da irin muryar da ta fita daga bakina ba. Na faɗa kansu, aka ture ni har na bugu da randa. Ruwa yana dukan kowa, jini yana bin tsakar gida, kuma sun sake ɗaga addar.

Sai na tuna da gudumar. Na ja ta daga ƙarƙashin gado, don ɗauka ta gagare ni. Da suka gan ni da ita sun zaci su zan nufa, suka dakata. Na wuce su. Na san wurin ramin ko ido a rufe, shekaru nawa ina zare masa leda da tsummoki. Na durƙusa na fara duka. Simintin yana tsalle yana yanka mini fuska. Katangar tana gumi, ina jin nauyin ruwan a bayanta kamar dabba tana turowa. Ƙarfina ya ƙare, sai na ji an riƙe ƙotar tare da ni. Mai walda ne, da hannunsa ɗaya mai lafiya. Bai kalle ni ba, ban kalle shi ba. Muka ɗaga tare.

Bulon bai fita shi kaɗai ba, rabin katangar ne ya taho. Ruwan ya kwashe mu duka, mai adda da marar adda, ya maka mu a bangon Tela. Ya shiga ɗakina ya fito da katifa da tukwane da littafin ajina. Ramin Tela a buɗe yake, shi ya cece mu, ruwan ya sami hanya ya yi ƙasa. Da ya janye, kowa yana rarrafe yana aman laka. Addar ta tafi, ba wanda ya neme ta. Tela ne ya ɗaure hannun Auta da ƙyalle, aka ɗora shi a kan ƙyauren da suka ɓalle aka kai shi asibiti.

Likita ya ce hannun ba zai zauna ba. An cire daga wuyan hannu. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Inna, katangar fa? Me zan ce wa Yaya?"

Na ce ni zan gaya maka. Ga shi na gaya maka.

Mahaifiyarka.

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Na ga wasiƙarka, na ga inda ruwa ya ɗiga a kanta, na san kuma ba na sama ba ne.

Kada ka zo bana. Ƙannen Mai walda suna hannun hukuma, amma suna da 'ya'yan baffa, kuma sun san wanda ya ce a toshe. Kada kuma ka aiko a gyara katangar. A bar ta haka.

Auta ya dawo gida. Yana koyon rubutu da hagu, ni nake riƙe masa biro. Yana danna takarda kamar mai haƙa rami.

An yi ruwa jiya. Mai walda ba ya gaishe ni har yanzu. Amma ruwansa ya shigo, na tsaya a ciki har idon sawu, na miƙa wa Tela.

Ka rufe kunnuwanka.
Mahaifiyarka.