Yawu a Bakin Zaren Gilashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku. Yaya ƙafar taki? Auta ta ce mini kumburin ya sauka, amma har yanzu a zaune kike sallah. Allah Ya sa kaffara ce, Ya ƙaro sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Jikokinki 'yan biyun Dogo sun fara tafiya. Babban da gudu ya fara, ƙaramin kuwa sai ya dafa bango ya tsaya yana kallon mutane kamar alƙali. Mamansu tana gaishe ki.

Yaya, kin san rubutun boko da girmana na tsince shi, don haka ki yi haƙuri da hannuna. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na yi ta kiran wayarki ba ki ɗauka ba, ranar da Auta ta ɗauka kuma ta ce kina barci, alhali ina jiyo tarinki kusa da ita. Na san ɗanki Dogo ya riga ni zuwa kunnenki. Na kuma san abin da ya faɗa, wai na kai ƙararsa wurin manaja, na zubar masa da mutunci a wurin aikin da shi ya samo mini. Ban ce ya yi ƙarya ba, na kai. Sai dai an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da yake wannan ba ta da daɗi a bakin kowa. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci, don ban da ke ba ni da wata uwa a duniya.

Bari in fara gaya miki irin aikin, tunda ba ki taɓa ganinsa ba. 'Yan akwatuna muke haɗawa. Zaruruwan gilashi ne ke shiga cikinsu, sirara kamar gashin kai, haske kuma ke gudu a cikin zaren ɗauke da maganar mutane da hotunansu da saƙonninsu. A cikin akwatin akwai ƙananan madubai da ke juyawa su karkatar da hasken daga wannan zare zuwa wancan, kamar mai ba da hannu a mararraba. Abu biyu muke tsoro. Ɗaya hasken ya bugi bakin zare ya dawo baya ya dami na'urar da ta aiko shi. Ɗaya kuma ya ɓace a cikin akwatin ya faɗa layin maƙwabci, wanda mu a wurin aiki muke ce wa gulma, don layi ya ji abin da ba da shi ake ba. Shi ya sa ake goge bakin kowane zare a ɗan karkace, don abin da ya dawo ya bi gefe, ake kuma shafe cikin akwatin da baƙin fenti ya shanye wanda ya ɓata. In an haɗa baki biyu kuwa dole su manne sarai, ko iska kada ta rage a tsakani. Duk wannan Dogo ne ya koya mini, cikin haƙuri, yana zana mini a bayan kwali. Yaron nan ya san aikinsa, ba zan hana shi nasa ba.

Mu uku ne a jere. Akwai wani dattijo da muke kira Baba Shiru, shi ke sa wa zaren gam ya goge bakinsa a kan wata takarda mai laushi. Daga hannunsa sai nawa, in share bakin da sifirit in duba shi a madubin da ke ƙara girma, sai ya fito a allo kamar faranti da ɗigo a tsakiya. Daga ni sai Dogo, shi ke haɗawa ya auna da mita. Wanda ya yi kyau ya manna masa koriyar alama, wanda hasken ke dawowa ya mayar wa Baba Shiru a sake gogewa. Ba a shiga ɗakin sai da hula da takunkumi da safar hannu da farar riga, har wata tabarma mai danƙo ke bakin ƙofa tana kama ƙurar takalmi. Kin san halina da tsarki, ke ce kike cewa zan wanke ruwa in da hali. Wallahi na ji daɗin wurin. Sifirit ɗin ma sai da na tambayi malamai hukuncinsa kafin na yarda na taɓa.

Wata rana na idar da azahar na dawo da wuri, sauran suna waje. Ta gilashin ƙofa na hango Dogo a teburinsa. Ya haɗa wani zare ya dubi mita ya yamutsa fuska. Sai ya zare shi, ya sauke takunkuminsa, ya ɗora bakin zaren a kan harshensa kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ya mayar ya haɗa. Ya sake duban mita ya gyaɗa kai ya manna koriyar alama. Zaren da na gama sharewa da hannuna, Yaya. Ya ɗauki na gaba ya yi masa haka nan. Na koma banɗaki na yi ta kurkure baki kamar a nawa bakin aka sa, ranar kuma ko ruwa da ƙyar ya wuce mini.

Da muka koma gida na kira shi ɗakina na tambaye shi a hankali. Dariya ya yi. Ya ce takardar gogewar Baba Shiru ta cinye, an daɗe ana roƙon sabuwa ba a kawo ba, don haka bakunan ba sa mannewa sosai, 'yar iska na ragewa a tsakani, ita ce ke mayar da hasken baya. In ya mayar a sake gogewa motar kaya za ta tafi babu kaya, shi kuma an san shi da cewa teburinsa ba ya tara aiki. Yawu kuwa yana cike gurbin, haske ya wuce sumul, mita ta nuna lafiya. Yana faɗa yana alfahari kamar wanda ya gano magani. Har ya ce shi da abokan aikinsa biyu da ya koya wa, tofi suke kiran abin, wai suna sa wa kaya albarka. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, a ɗauki sunan abin da ake yi bayan addu'a a ɗora wa ƙazanta. Ya ƙara da zolayata wai ai ni ce malama, na san yawu ba najasa ba ne. Na ce gaskiya ne, yawu ba ya hana sallah, amma ha'inci fa, a wane babi ya karanta halaccinsa? Na tambaye shi in ya bushe fa. Ya ce in ya bushe ai a hannun wasu zai bushe. Na yi masa nasiha iyakar iyawata, ya rantse mini ya daina, na kuwa yarda, don ina son in yarda.

Ba a daɗe ba kamfanin da ke sayen kayanmu ya dawo da akwatuna cikin kwali. Sun ce haske na dawowa, layuka na shiga juna, mutane na ta ƙorafi maganarsu na yankewa. Aka ba ni wasu in share. Da na sa bakin zaren na farko a madubi, abin da ya fito a allo ba zan so ki gani ba. Wani busasshen zobe ne fari-fari ya kewaye tsakiyar, irin tabon gumi a hular da ta shekara ba a wanke ba, ga ɓurɓushin abin da mutum ya ci da rana manne a gefe, madubin ya mai da shi kamar dutse. Na biyu haka, na uku haka. Wasu ma daga kayan da aka fitar bayan rantsuwar da ya yi mini ne. Ina sharewa ina riƙe numfashi a cikin takunkumi.

Manaja ya tara mu ya tambayi yadda kaya suka ci awo a nan suka je can suka lalace. Dogo ya miƙe, fuskarsa wasai, ya ce gam ne bai kama ba, Baba Shiru yana gaggawar cire zaren kafin ya bushe, shi ya sa bakin ke ja da baya in ya sha zafin hanya. Magana ce mai kama hankali, don hakan na faruwa. Nan take manaja ya ce wa dattijon nan ya ƙarasa watan ya huta. Baba Shiru ya cire safar hannunsa ya ninke ta a kan tebur, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Mutumin da ke riƙe da matarsa mai shanyewar jiki, wanda in ya ga zare ya faɗi ƙasa sai ya durƙusa ya nemo shi kada ya soki wani.

Ban yi magana a taron ba, don ban so in tozarta ɗanki a gaban jama'a. A gida na same shi na ce ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, zan raka shi in roƙa masa afuwa, in kuwa bai je ba ni zan je, kuma ga shi na gaya masa ido da ido. Ya ce in tuna wanda ya kai ni wurin, in tuna a gidan wa nake kwana, ashe kaza ce ni, in ci in goge baki. Ya ce Baba Shiru ai bare ne, kuma ya tsufa, ko ba yau ba, zai tafi. Na ce naka naka ne ko ya ɓata maka rai, amma ba zan tsaya gaban Allah da haƙƙin tsohon nan a wuyana ba saboda zumunci. Da safe na tsaya a bakin ofishin ina jira ko zai zo. Ya wuce ni ya shiga ya sa farar rigarsa.

Sai na shiga. Manaja na riƙe da ɗaya daga akwatunan ina ba shi labari. Da na kai wurin harshen, ya saki akwatin a kan tebur ya shiga goge hannunsa a wando, ya aika a kawo masa sabulu. Ya kira abokan Dogo biyun nan. Ɗaya ya musa, ɗayan kuwa tun ba a matsa ba ya amsa, har yana kare kansa wai shi ba ya lasa, ruwan shayinsa yake ɗigawa, ya fi tsabta. Aka bar Baba Shiru a aikinsa, aka aika sayen sabuwar takarda. Dogo ba a kore shi ba, an ɗauke shi daga teburin awo an kai shi sito, yana buɗe akwatunan da ba a fitar ba ɗaya bayan ɗaya. Amma kada ki ɗauka an yi mini sannu. Manajan nan da ya wanke hannu har gwiwa, shi ne ya ce a gaya wa masu saye ƙura ce ta shiga. Na ce ni ba zan kai magana waje ba, amma in aka tambaye ni ba zan ce ƙura ba. Ya dube ni kamar ni ce ƙazantar. Yanzu in na shigo sai ɗakin ya yi tsit, na kuma ji ana ce mini layin gulma. Sabulu dai ba ya wanke kowane irin datti.

Na tashi daga gidan Dogo. Bai kore ni ba, sai dai ya daina ce mini Inna, Malama yake cewa, shi ma sai ta kama dole. Na ga zaman yana takura matarsa, tana tsakanin miji da uwar miji, sai na nemi ɗaki a gidan wata tsohuwar ungozoma kusa da wurin aiki. Ɗakin ƙarami ne amma akwai famfo a tsakar gida. Ranar da nake fitar da kayana ƙaramin 'yan biyun ya riƙe mini zane, sai da uwarsa ta ɓamɓare yatsunsa.

Yaya, ni na goyi Dogo lokacin da kike jinya. Yana haƙora yana zubar da yawu a kafaɗata, da bakin zanena nake share masa, wani lokaci da tafin hannuna, ban taɓa jin ƙyama ba ko sau ɗaya. Shi ya sa abin ke cina. Ba yawun ba ne kaɗai, fuskar nan ce da ya miƙe da ita ya ɗora wa tsoho laifi, ko ƙifta ido bai yi ba. Ban tsane shi ba, kullum yana cikin addu'ata. Amma in aka mayar da ni bakin ofishin nan, zan sake shiga, ba zan ɓoye miki ba don ki huce. Roƙona biyu ne. Kada ki sa Malam ya kira manaja ya ba shi baki, ki bar yaron ya buɗe akwatunan nan da hannunsa ya ga abin da na gani. Kuma kada ki yi masa baki, bakin uwa ba abin wasa ba ne. Ni kuwa in kin ga na yi laifi, ki kira ni ki zage ni son ranki, zan riƙe wayar har ki gama ban katse ki ba.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, ki ce ina neman addu'arsa. Ki gai da Auta, ki ce mata ban riƙe ta ba, aike ta aka yi. Gaisuwa ga Kawu da iyalinsa, da Gwaggo mai ɗinki, da Baffa in ya dawo daga tafiya, da maƙwabciyarki mai yi miki tausar ƙafa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya sa mu gama lafiya.

Wassalam.

Ƙanwarki, wadda ba ta da wata Yaya sai ke,
Ƙarama