Kada Ki Bar Min Kujerarki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa har ƙamshi ya tashi. Zuwa ga hasken zuciyata, abar alfaharina, kuma sarauniyar masu taurin kai ta duniya baki ɗaya.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya kira wayarki har yatsansa ya gaji, ba ki ɗauka ba. Shi ya sa na koma ga biro, ni da nake wuni cikin takardun mutane a shagon Kawu amma ban taɓa rubuta tawa ba. Yayarki ce za ta kawo miki, ta kuma yi min alkawarin ba za ta tashi daga kanki ba sai kin karanta har ƙarshe. Ki yi haƙuri da rubutun. Tun ranar da sakamako ya fito hankalina bai koma jikina ba. Jiya wata mata ta ba ni takardar haihuwar ɗanta in yi mata kwafi, na ɗora ta a injin a juye, na miƙa mata farar takarda fes ina cewa ga shi nan, Hajiya. Kawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Kai, in ciwo ne ka faɗa a kai ka asibiti, in kuma soyayya ce ka fita min daga shago kafin ka ƙarar min da takarda.”

Kin tuna yammacin da muka nemi gurbin karatun nan na jami’a? Ni kam ko zan manta sunana ba zan manta shi ba. Kina tsaye a bayana, ni ina zaune gaban tsohuwar kwamfutar shago, fanka tana ta ƙara ba ta ba da iska. Muka fara da naki. Da muka zo wurin zaɓen sashe ko numfashi ba ki ja ba kika ce harhaɗa magunguna. Wa zai yi mamaki? Ke da kike jera wa Abbanku magungunan hawan jininsa kowace safiya, kike karanta ’yar takardar da ke cikin kwalin magani kamar labarin soyayya! Sai aka zo nawa. Na zaɓi abin da kika zaɓa, kika kwashe da dariya har kika dafa kujerata, kika ce, “Kai ɗin? Kai da ko warin asibiti ka ji sai ka nemi wurin zama?” Na ce zan toshe hanci. Abin da nake so shi ne aji ɗaya, benci ɗaya, in riƙa jin motsin bironki a gefena. Kika sunkuyar da kai, na ga murmushin da kike ɓoyewa a gilashin kwamfutar. Wallahi a wannan lokacin da an ce in zaɓi sashen kama macizai zan zaɓa.

Kaico, masoyiyata, ashe ranar muka yi wautar da babu mai yin irinta sai mu! Kowa ya ce mana jami’ar gwamnatin nan ba ta da tsanani sosai, kusan rabin masu nema suna samu. Muka ce to ai mu biyu ba ma cikin rabin da za su koma gida. Ba mu tsaya mun yi tunanin cewa kowane sashe da adadin kujerunsa ba, kuma sashenki kowa rububinsa yake yi. Muna murna za mu zauna tare, ashe layi ɗaya muka shiga muna neman abu ɗaya. Na mayar da kaina abokin takararki ina ta washe baki.

Ranar da aka saki sunaye, da safe, kafin Kawu ya iso, kika zo shago da ƙafarki. Na buɗe naki: an ɗauke ki. Na yi ihun da mai gyaran agogo na maƙwabta ya leƙo yana tambayar ko wuta ce ta kama. Na buɗe nawa: a jira. Na sake rufewa na buɗe, ko kwamfutar za ta ji tausayina, ta sake cewa a jira. Na juyo ina ƙoƙarin yin dariya, sai na ga fuskarki. Fuskar nan da ke haskaka min shago fiye da kowane ƙwan lantarki, ta yi duhu kamar hadari ya haɗo. Ba ki yi murna ba ko ta ƙiftawar ido. Ranar da kika yi shekaru kina jira, ni na ɓata miki ita, wannan kuwa yana cina har yanzu.

Na ɗauka fushin kwana ɗaya ne, zai wuce. Sai shekaranjiya Yaya ta shigo shago da takardunki a hannu, wai a yi kwafi a ajiye ko Allah zai sa ki sauko. Ta zauna a kan kwalin takarda ta ce min, “Ƙanina, yarinyar nan za ta kashe mu. Ta ce ba za ta je rajista ba. Abba ya yi faɗa, Mama ta yi kuka, ita ko a jikinta. Wai ta fasa karatun bana.” Na ce me ya sa? Ta ce, “Ni ka tambaya? Ta dai je ofishin ɗaukar ɗalibai ita kaɗai, ta dawo tana ta walwala kamar wadda aka yi wa albishir.”

Walwalar nan ce ta tsinka min zuciya. Na san ki, farin cikina. Ba kya walwala a banza, sai kin ƙulla wani abu.

Na bar Yaya a shago na tafi ofishin. Kin san shi: dogon benci a baranda, mutane jere kowa rungume da fayil, taga ɗaya tilo, da matar nan mai jan biro a bayan kunne. Na jira har ƙafata ta yi tsami. Da na isa gabanta na ce, “Ranki ya daɗe, idan aka ba mutum gurbi bai zo rajista ba, wa ake ba wa?” Ta ɗago ta kalle ni ta ce, “Ikon Allah. Kai ma? Kwanan nan wata ’yar kyakkyawa ta zo ta yi min wannan tambayar.” Ta ce duk wanda bai yi rajista ba har aka rufe ranar Alhamis, kujerarsa ta tafi ga na gaba a cikin masu jira na sashen, bisa maki. Ta duba sunana ta ce, “Kai kam kana gaba-gaba. Ka yi ta addu’a wani ya ƙi zuwa.”

In yi addu’a wani ya ƙi zuwa! Na fito daga barandar nan ban san ta inda na bi ba. Ashe abin da kika ƙulla ke nan? Ki ajiye kujerarki a hankali, ki ja da baya, in zo in zauna ina godiya ga Allah, ban san a kan me na zauna ba? Haba, rabin raina! Wane irin so ne wannan, mai yanka kansa ya ba ni in ci? Kin yi tunanin yadda zan shiga ajin nan kowace safiya? Malami zai riƙa bayanin abin da ke kika san shi tun kina ’yar sakandare, ni ina zaune kamar buhu, ina kallon allo ina ganin fuskarki. Da wane ido zan kalli Abbanku in na je gaishe shi, shi da yake gaya wa duk wanda ya shigo gidan cewa ’yarsa ce za ta riƙa duba masa magani da hujja? Da wane baki zan ce wa Mama ina son ’yarta?

Na san abin da za ki ce, don na san bakinki. Za ki ce ke makinki mai yawa ne, baɗi ma za ki samu, ni ne ba tabbas. To wa ya ba ki baɗi a hannu? Wa ya ce miki makin da ya isa bana zai isa baɗi? Kowace shekara masu nema ƙaruwa suke yi, kujerun kuwa suna nan yadda suke. A shagon nan nake ganinsu, waɗanda suka ce bari sai wata shekara. Suna dawowa da takardun da suka fara yin ja a gefe, in yi musu kwafi, in yi musu fatan alheri, su sake dawowa. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, kada wata rana in ɗaga kai in ga ke ce a layin nan saboda ni.

Saboda haka ki saurara, ki kuma zauna kafin ki karanta wannan. Yau da safe na koma tagar nan. Na ce wa matar a cire sunana daga masu jiran sashen magunguna, a mayar da ni fiziks, inda ta ce akwai sauran ’yan gurabe. Ta cire biron daga bayan kunnenta ta riƙe, ba ta rubuta ba. Ta ce, “Ɗana, ka yi tunani. A nan kana bakin ƙofa, can kuwa ƙarshen layi za ka koma. Kuma in ka fita ba dawowa.” Na ce na sani. Ta ce, “Yarinyar nan ce ko?” Na sa hannu, ta buga hatimi.

An gama, zinariyata. Ba na cikin layinki kuma. In kika bar kujerar nan ranar Alhamis, ba ni za a ba ba. Wani ne can da ba ki sani ba, wanda bai san sunanki ba, zai zo ya zauna yana murna, mu biyu kuma mu tashi a tutar babu.

Kada ki ɗauka jarumta ce ta sa ni. Da na fito daga ofishin sai da na nemi gindin bishiya na zauna. Ban san ko fiziks za su ɗauke ni ba. Ina son sa, wannan gaskiya ne, ke ma kin sha cewa na fi fahimtar cikin injin kwafi a kan cikin mutum. Amma so ba ya ba da gurbi. Wataƙila sunana ya fito a rukuni na gaba, wataƙila kuma in sake shekara ina shaƙar ƙurar tawada. Ko Ummata ban gaya wa ba tukuna, ina ta juya yadda zan fara.

Akwai kuma tsoron da ya fi wannan, bari in faɗa miki shi tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Ina tsoron ki shiga ƙofar nan ki bar ni a waje. Ina tsoron farar rigar ɗakin gwaji, da sababbin ƙawaye, da samari masu manyan kalmomi waɗanda ba sa warin tawada. Ina tsoron ranar da za ki ba ni labari in kasa gane inda dariyar take. Wani ɓangare na zuciyata, Allah ya yafe min, ya so ki zauna a gida kusa da ni. Amma na fi tsoron in same ki a kusa da ni kina kallon abin da kika rasa duk lokacin da kika kalle ni.

Don haka ina roƙonki, ya furen da ban isa in tsinka ba, ya wadda muryarta ke kwantar min da hankali kamar iskar bayan ruwa: ki tashi ki je. Don girman Allah ki je. Na san za ki yi fushi da abin da na yi ba tare da shawararki ba, kina da gaskiya, ke ma ai ba ki shawarce ni ba. Ki yi fushin, ki ƙi kula ni wata guda in kin ga dama, ki kira ni duk sunan da ya zo bakinki. Amma ki yi rajistar tukuna, ki yi fushin da ni daga cikin aji.

Ni dai ba abin da ya rage a hannuna da zan iya yi. Na rufe ƙofar da kike son buɗe min, da hannuna. Saura ke. Kada ki bari mu rasa duka biyun.

Naki ne ni, ko an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba, bana da baɗi da duk shekarun da Allah zai ara min,

Mai ƙaunarki da ba shi da wata sai ke.