Sunanki a Goshin Kantina

Ƙanƙara, 1976

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar tsamiya a tsakar rana, Suwaibatu ɗiyar Malam Gide na Ketare. Gaisuwa da hannu biyu daga mai laifi.

Kin tuna ranar bikin Hajaratu a Ruwan Godiya, da kika ce samarin yanzu bakinsu ɗaya, kowa ya sayi rediyo da Besfa sai ya ce yana so? Kika ce in nuna miki abin da ba a taɓa gani ba. Wayyo, da kin san wawan da kike gaya wa!

Na hau mota har Kaduna, wajen mai haɗa fitilar niyon, irin wadda ke ci a goshin manyan kantuna. Ina tsaye yana gasa siririn bututun gilashi a wuta, yana lanƙwasa shi kamar taliya, yana hurawa da baki kada ya toshe, har sunanki ya fito. Ya zuƙe iskar ciki kaf, ya ɗura wata iskar da ido ba ya gani, ya liƙe bakin. Da ya sakar mata lantarki ta kai da gindi, sai ta kama ja jawur, ba lagwani, ba kananzir, ba hayaƙi! Ashe ba haka kika yi mini ba? Kin zuƙe duk abin da ke ƙirjina, kin zuba kanki, kin liƙe, ga ni ina ci ba a ganin wutar.

Na kafa ta a saman kantina, na tada janareta da magariba ranar kasuwa. Mai tsire ya sheƙo da bokitin ruwa yana ihun gobara. Wani tsoho ya miƙa hannu zai ji ɗumi, ya koma yana tsaki. Direbobin Faskari da Sabuwa suka tsaya kallo, sabulu da ashana suka ƙare tas.

Sai ga Baba, mahaifinki, a kan kekensa. Zumuɗi ya mantar da ni abin da kowa ya sani: sunan mahaifiyarsa kika ci, shi ya sa gidanku ake ce miki Uwani. Sunan da bai taɓa fita daga bakinsa ba, ga shi ɓaro-ɓaro a saman kifin gwangwani, 'yan kamasho na karantawa da ƙarfi! Ya juya keke ya yi gida. Washegari aka dawo mini da goron gaisuwata, da saƙon kada in sake taka zaurensa muddin abin na nan.

Na rufe da buhu, jan ya keto buhun. Gyara kuwa babu, gilashin da ya sha wuta ba ya miƙewa. Ko abinci ba ya shiga, Uwanina, tsoron rasa ki nake yi.

Zan fasa ta, wallahi zan fasa. Me zan yi da cinikin duniya in ba ke? Amma duk ƙasar nan sun ga sunanki yana haske, sai ke kaɗai! Ki roƙi Gwaggo Asma'u ta rako ki kasuwa mai zuwa, ku tsaya bayan rumfar masu gishiri. Zan kunna sau ɗaya tak. In kin ƙoshi da kallo ki ɗaga mayafinki, ni kuma in ɗaga taɓarya, in tara ɓaraguzan a ƙwarya, in kai wa Baba gwiwa biyu a ƙasa.

Naki cikin haske, naki cikin duhu, har ranar da za a bi ni da addu'a,

Lawwali mai kanti